Motar Sama Ba Ta Zo Ba, Sauro Kuma Bai Tafi Ba

Wani daren Laraba cikin watan Agusta, bayan sallar isha'i, na iske Baffana zaune kan tabarma a ƙofar gidansa da ke Jekadafari. Unguwar duhu ƙirin. Waya na hannunsa na hagu, yana kallon fuskar jikarsa da aka haifa a Jidda kwana tara da suka wuce, hannun dama kuwa yana ta kai wa sauro mari a ƙafa. Da aka gama gaishe-gaishe sai ya kife wayar a cinya ya dube ni.

"Ka san muna aji bakwai malaminmu ya zana mana mota mai fukafukai a allo? Ya ce idan shekara ta 2000 ta zo, a cikinta za mu riƙa zuwa Kano. Bai ce mana zan ga jaririya a Jidda ina zaune a Gombe ba. Bai kuma ce za a kai yau ina laluben ashana ba."

Maganar nan ta kwana da ni. Mun saba yi wa masu hasashen da dariya, mu ce ina motar saman, ina yawon shan iska a duniyar wata. Amma idan aka baje hasashen nasu a faifai, za a ga ba duka suka faɗi ba, waɗanda suka faɗi ɗin ma ba barkatai suka faɗi ba. Akwai iyaka tsakanin abin da ya cika da abin da ya maƙale, kuma mu a nan mun fi mutumin Landan damar ganin iyakar, tun da a kanta muke kwana muke tashi.

Na san wani zai ce gaibu sai Allah. Haka ne, babu ja. Sai dai abin da ake magana a kansa ya sha bamban da duba ko bugun ƙasa. Irin kintacen manomi ne da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya. Wata rana a tafka ruwan, wata rana iska ta watsa shi. Amfanin waiwaye shi ne a gane wane hadari ne yakan zubar, wane ne yakan ba da kunya.

A watan Disamba na 1900 wani Ba'amurke mai suna John Watkins ya jera abubuwan da yake ganin za su faru cikin shekara ɗari masu zuwa, bayan ya tuntuɓi masanan zamaninsa. Wasu sai ka rantse jiya aka rubuta su. Ya ce za a yi tarho maras igiya da zai game duniya, har miji yana tsakiyar teku ya yi hira da matarsa tana ɗakinta a Shikago. Ya ce idan yaƙi ya ɓarke a ƙasar Sin, cikin awa guda hotunansa za su fito a jaridu. Ya ce za a riƙa sayen dafaffen abinci ana kai wa mutum har gida. Lokacin da ya rubuta wannan ko jirgin sama bai taɓa tashi ba, a nan wajenmu kuwa saura shekara biyu da 'yan watanni a gwabza yaƙin Burmi.

A cikin jerin nan dai ya ce sauro da ƙuda za su ƙare. Hanyar da ya ce za a bi ita ce abin lura: hukumomin lafiya za su bi kowane kududdufi su tsiyaye shi, su cike fadamu, su zuba magani a duk ruwan da ke kwance. Tarho na'ura ce. Da zarar wani ya ƙera ta, sauran aiki na 'yan kasuwa ne. Kawar da sauro kuwa aikin gayya ne da ba shi da ranar tashi. Sai kowace unguwa ta yashe kwatarta bana, ta sake yashewa baɗi, ma'aikaci ya fito, a biya shi albashinsa, magani kada ya yanke ko da shekara guda.

An gwada, kuma ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen a ƙasar Hausa aka yi shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi zaman dirshan a ƙauyukan Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu. An yi wa ɗakuna feshi, an raba magani gida-gida, an ɗebi jinin jama'a ana dubawa. Zazzaɓin ya yi ƙasa sosai amma bai mutu ba, domin cizon ya yi yawa, wani kaso na sauron kuma ba ya sauka a bangon da aka fesa, a waje yake hutawarsa. Da aka tattara kaya aka tafi, sai cutar ta dawo. Yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke.

Kwatanta wannan da agana. Tsofaffinmu masu zanenta a fuska suna ta ƙarewa, matasa da yawa ko sunanta ba su sani ba, domin tun 1980 aka bayyana ƙarewarta a doron ƙasa. Ita ba ta da maɓoya sai jikin ɗan'adam, lamba ɗaya a dantse kuma tana tsare mutum shekaru. Aiki ne mai wuya amma yana da ƙarshe. Dabarar da ta gama da ita ma, wato a kewaye inda ta ɓulla a yi wa na kusa lamba maimakon a ce sai an bi kowa da kowa, a gabashin Najeriya aka fara gwada ta a 1966 da 1967. Abin da za a yi sau ɗaya a huta, ɗan'adam ya iya shi. Abin da sai kullum, a nan ake jin kanmu.

Su kuwa Faransawa zane suka yi. Wajen 1900 an buga wasu 'yan katuna masu nuna yadda rayuwa za ta kasance a shekara ta 2000, kuma kusan kowa a cikinsu yana sama: 'yan kwana-kwana da fukafukai suna shawagi a kan gobara, mai raba wasiƙa yana miƙa takarda daga cikin ɗan jirginsa. Akwai wani aji da malami ke zuba littattafai cikin inji kamar na niƙa, yaro yana juya hannun injin, karatu yana bin waya zuwa kunnuwan ɗalibai. Duk malamin da ya taɓa fama da 'yan aji uku a kan lissafin sau, zai so a ce wannan ɗaya ya tabbata.

Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, da kansa ya ce a 1940 a rubuta a ajiye, haɗin mota da jirgin sama yana nan tafe. Kada a ɗauka wauta ce. Mutumin da aka haifa a 1890 da doki da jaki ya buɗi ido. Yana ɗan shekara 13 jirgin farko ya ɗaga, a 1903. Idan ya yi tsawon rai, ya ga mutum ya taka wata a 1969. Shekara 66 kacal ke tsakani. Wanda ya ga irin wannan gudu ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka haka za a miƙe har abada. Kamfanin jiragen Pan Am har rajista ya buɗe ta masu son zuwa wata, mutum fiye da 90,000 suka sa suna. Kamfanin ya durƙushe a 1991 bai kai ko ɗaya ba. Mutum 12 suka taɓa taka watan, na ƙarshe a 1972. Jirgin Concorde da ya fi sauti gudu, mai haɗa Landan da Niyok cikin awa uku da rabi, ya fara ɗaukar fasinja a 1976, aka jingine shi a 2003. Yau tafiyar nan awa bakwai zuwa takwas ce, wato an koma baya.

Ciki ne ya karya lissafin, cikin inji. Ɗaga ƙarfe sama a riƙe shi a can yana shan mai ba na wasa ba, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Da farashin mai ya yi tsalle a 1973, sai masu jirage suka daina tambayar wa ya fi gudu, suka koma tambayar wa ya fi tsimi. Batir ma bai kawo ɗauki ba tukuna: ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na fetur ya ninka na kilo ɗaya na batirin zamani wajen sau 40. Ga kuma abin da kowane direban hanyar Dukku ya sani. Mota idan ta mutu, a gangara gefe a buɗe bonet, fasinja su sauko su tura. A sama babu gefen titi. Ka tsaya a Tashar Dukku da la'asar ka ga yadda 'yan acaɓa da masu Keke ke saƙa, sa'an nan ka ɗauke su duka a zuci ka ɗora a saman rufin mutane. An ƙera motocin masu tashi, suna nan ana nuna su a bidiyo. Zamansu abin hawan kowa ne ya gagara. Abin da ya tashi ɗin ƙarami ne kuma babu kowa a ciki: jirgi maras matuƙi mai kai jini da magani asibitocin karkara a Ruwanda tun 2016, a Kaduna tun 2022, da ƙaninsa mai shawagi a kan amarya da ango a wurin dina.

Mu ma mun yi namu zaton cewa haka za a miƙe. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi da Gombe a farkon shekarun 1960, ya dangana da Maiduguri a 1964, gyaɗa da auduga da shanu suna hawa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya fara harhaɗa tarakta da manyan motoci a Bauchi, Ashaka ta fara fitar da siminti. Wanda ya ga wannan a 1980 ya ce jikokinsa ba za su san fartanya ba, babu mai kiransa mahaukaci. Yau masara da waken kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe a bayan tirela suke gangarawa kudu, fartanya kuma tana nan daram a kafaɗa.

Hasashen da ya fi ci mini rai na wuta ne. A 1954 shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Amurka, Lewis Strauss, ya ce 'ya'yansu za su sha wutar da arharta ta kai ba sai an sa mata mita ba. Shekara 70 cif bayan haka, a Afrilun 2024, aka mayar da kuɗin wuta na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a rana, naira 225 kowane yunit. A cikin watan ne kuma ɓarayi suka kayar da turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu, mu da Yola da Jalingo. Nukiliyar kanta ta tsaya a wajen kashi ɗaya cikin goma na wutar duniya, saboda tsadar gini, da tsoron haɗari, da rigimar inda za a binne shararta. Muna da namu injin nukiliyar a Zariya tun 2004, na bincike ne, ƙarfinsa kilowat 30, bai kai janaretan wani otal ba.

Ba ma sai an je Amurka ba. A shekarun 1980 aka gama madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, da alkawarin wuta da noman rani. Ruwa ya taru, ya yi ta kwarara ta ƙofofin dam ɗin fiye da shekara 30 kafin injinan megawat 40 su fara juyawa. Juya inji da ƙarfin ruwa kuwa tsohon ilimi ne, Kainji na yi tun 1968. Madatsar Kafin Zaki a Bauchi, da aka fara zamanin Shagari, har gobe ana maganarta a kamfe. Injiniya bai gaza ba a duk waɗannan. Kwangila ce ta tsaya, gwamnati ta canza, kasafi ya karkata wani wuri, wanda ya zo ya ƙi ɗorawa a kan na wanda ya tafi.

To ta yaya waya ta tsallake wannan rami?

Masanin lantarki Nikola Tesla ya faɗa tun 1926 cewa za a kai lokacin da mutane za su ga juna su ji juna daga nisan dubban mil, da abin da za a iya sakawa a aljihun riga. Gwajin farko bai yi armashi ba. A 1964 kamfanin tarho na Amurka ya kafa rumfunan tarho mai hoto, minti uku tsakanin Niyok da Washinton dala 16, kuma sai wanda za ka kira shi ma ya tashi ya je rumfa. Mutane suka leƙa suka watse. A nan gida, kafin 2001, layukan tarhon NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari. Mai ɗa a Legas wasiƙa yake ba direba. Mai 'ya a Makka kaset yake cikawa da gaisuwa da nasiha da labarin wanda ya rasu, ya ba alhazai su kai. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta aka fara kira. Layi kaɗai ya haura naira 20,000, minti ɗaya naira 50, ko da sallama kawai ka yi aka katse. A 2003 Glo ya zo da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara gangarowa. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, mai tallan gyaɗa ma tana da lamba.

Dalili na farko yana cikin na'urar kanta. Tun 1965 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Gordon Moore, ya lura cewa ƙananan maɓallan lantarki da ake iya cusawa a ɗan guntun ƙwaƙwalwar kwamfuta suna ta ninkuwa, kuma haka aka yi ta tafiya shekaru da dama, kusan duk shekara biyu. Saƙo ba shi da nauyi. Murya da hoto ana iya matse su, a ƙara matsewa, su yi ta araha. Buhun siminti kuwa kilo 50 ne a 1965, kilo 50 ne yau. Jarkar ruwa ba ta rage nauyi don an shiga sabon ƙarni.

Amma dalilin da ya fi shafarmu na tsari ne. Eriya ɗaya tana ɗaukar gari da ƙauyukan kewaye, ba sai an haƙa rami zuwa kowane gida ba. Kowace eriya da janaretanta da tankin gas ɗinta, ba ta jiran wutar kowa. Katin waya kuma ya kashe rigimar bashi: ka biya kafin ka sha, babu mai zuwa karanta mita, babu mai hawa falwaya ya yanke. Mai saye shi ma ba ya neman yardar maƙwabci ko sa hannun kansila. Ya sayar da akuya, ya shiga kasuwa, ya fito da Tecno mai layi biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yana ɗaukar waya.

Da muka ga wannan hanya ta ɓulle, sai muka bi da komai ta cikinta. Wuta ta ƙi, kowa ya sayi janareta. Famfo ya ƙafe, mai hali ya haƙa burtsatse. Farashin faifan sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma sai ga shi a kan rufin shaguna da masallatai, har da gonakin rani yana jan ruwa. Starlink ya shigo a 2023, intanet ta fara saukowa kai tsaye daga taurarin ɗan'adam. Kowane gida mai ɗan ƙarfi ya zama ƙaramar hukuma, da ma'aikatar ruwa da ta wuta da ta tsaro a cikin katanga ɗaya. Wannan dabara ce, ban raina ta ba, ni ma da ita nake rayuwa. Sai dai tana da iyaka, kuma talaka ne ke fara cin karo da iyakar. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan ga-ruwa ya fi mai famfo biya. A ƙasar Dukku ruwan yana can ƙasa da nisa, ba haƙar mutum ɗaya ba ce. Kwarin da ke cin gidaje a cikin garin Gombe duk damina kuwa, babu shagon da ake sayar da maganinsa a kwali.

Shi ya sa namu alkawuran na gida suka fi na Turawa faɗuwa, domin kusan dukkansu irin na gayya ne. Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya ce lafiya ga kowa a shekara ta 2000. Gwamnatocinmu suka ɗora: gida ga kowa, ruwa ga kowa, duk a 2000. Da ta matso, Abacha ya kafa kwamitin hangen 2010 a 1996. Da ita ma ta matso, aka ce a 2020 za mu shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin arziki. Yanzu 2050 ake nuna mana. Kullum shekarar mai sifili ce a ƙarshe, kuma kullum tana da nisan da mai alkawarin ba zai kasance a kujera ba ranar da za a zo karɓa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Akwai wani kuskuren kuma da ya fi na ƙarfe da waya zurfi: masu hasashen sun canza kaya, sun bar mutum yadda suka same shi, ko kuma sun zaci zai canza ta inda ba ya canzawa. Masanin tattalin arzikin Ingila, John Maynard Keynes, ya ce a 1930 jikokinsu za su wadata har aikin awa 15 a mako ya ishe su. Wadatar ta zo wa ƙasarsa kamar yadda ya lissafa, hutun ne bai zo ba. Ya ɗauka buƙata ƙwarya ce, tana cika. Da ya ga yadda lefe ya tashi daga kwalla da adudu zuwa saitin akwati, da yadda biki ya haifi kamu da dina da hoton kafin aure, da ya gane ana ƙara samu ana ƙara wa ƙwaryar faɗi. Ma'aikacin da na sani yau yana tashi ofis ya wuce gona, da dare ya zauna a rumfar POS, wayar da aka ce za ta sauƙaƙa masa kuma ita ce oga ke kiransa da ita ranar Lahadi.

A 1975 wata mujallar kasuwanci ta Amurka ta yi busharar ofis maras takarda. Tun 2015 duk jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yi, amma yaron da ya ci sai ya buga sakamakon, ya yi fotokwafi uku, ya haɗa da hoton fasfo, ya sa a fayil. Mun fi yarda da abin da aka buga wa hatimi. Rayuwa ba tsabar kuɗi ma mun ɗanɗana ta a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, muka sayi naira da naira, mai nama ya riƙe mutum a gaban tukuba har sai alat ya shigo. Ƙwayar da aka ce za a haɗiya a ƙoshi ba ta zo ba, don ba wanda zai bar tuwo da miyar kuka saboda ƙwaya. Dunƙulen Maggi da Indomie ne suka zo a madadinta. Cikakken abinci a 'yar leda kuwa ya tabbata, amma ta ƙofar da ba wanda ya zana: haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wanda ake ba yara masu tamowa a asibitocinmu.

A katunan Faransawan nan akwai injin shara, amma 'yar aiki ce tsaye tana jan linzaminsa, da doguwar rigarta irin ta 1900. Ba su hango matar aure a Pantami da ba ta fita ko ƙofar gida, amma tana sayar da atamfa da turaren wuta har Fatakwal ta WhatsApp, kuɗi na shiga asusunta ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Ba su hango Goggo da ba ta yi boko ba tana danna alamar makirfo tana aika saƙon murya, wato kaset ɗin alhazai ya dawo, sai dai yanzu cikin daƙiƙa yake isa. Haka nan ba su hango ɗan damfara mai kira da sunan banki ba, ko mai garkuwa da ke cinikin fansa ta waya, ko ƙaryar da za ta zaga jiha kafin a idar da sallar azahar.

Batun mutum-mutumi ma a juye ya zo. Wani masani ɗan Amurka, Herbert Simon, ya ce a 1965 cikin shekara 20 inji zai iya duk aikin da mutum ke yi. An zaci aikin hannu ne zai fara tafiya, na ƙwaƙwalwa ya daɗe. Sai ga kwamfuta ta doke zakaran darar ces na duniya, Garry Kasparov, a 1997, ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 yana rubuta wasiƙar neman aiki, amma har yau babu injin da za ka saya ya yi wa jariri wanka ko ya ɗaura ɗankwali. Idan kuma ana neman injin da ya fi kowane sauke wa matan ƙasar nan nauyi, ga shi can a bakin layi yana ƙara tun asuba: injin niƙa da na markaɗe. Ba shi da fuska, ba shi da hannu, ba wanda ya taɓa zana shi a kati.

Yanzu ma ana ta yi mana sabon zane a allo: mota mai tuƙa kanta, ƙirƙirarriyar basira da za ta maye gurbin likita da malami, man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe, da matata da kamfanin taki da tashar wuta a cikin alkawarin. Ni dai idan aka kawo mini irin wannan, tambayata ba ta wuce me abin yake ci, kuma ranar da ya lalace wa zai zo gyara, wa zai biya shi. Basirar nan na san za ta iso, ta ma iso, don ta aljihu take bi. Motar da ke tuƙa kanta tana son titi mai fenti da alamomi da ake sabuntawa, saboda haka ba na sa ran ganinta a hanyar Dukku nan kusa.

Na gaya wa Baffa cewa yanzu akwai abin da ke cikin waya da ake tambaya kome ya ba da amsa, har da Hausa. Ya yi shiru, ya kai wa wani sauron mari, ya duba tafin hannunsa a hasken wayar.

"To tambaye shi yaushe za a kawo wuta."

Na rubuta. Ya amsa cikin ladabi cewa ba shi da bayanin unguwarmu, in tuntuɓi kamfanin da ke raba mana wuta. Kafin in gama karanta masa, wayar Baffa ta yi ƙara alamar caji ya kusa ƙarewa. Ya ƙwala wa Auta kira, ya laluba aljihu ya ba shi kuɗi, ya ce ya ruga wurin mai caji kafin ya kashe janareta, in zai dawo ya biya ta shago ya sayo maganin sauro.